Yadda Ake Shiga Sahun Shugabanni A Sansanin Bautar Ƙasa

Da zarar hukumar bautar ƙasa ta NYSC ta saki takardun kira, hirar majalisun samari daga Kabuga zuwa Ɗorayi har Unguwa Uku takan koma kan abu biyu: ina aka jefa wane, kuma wa ya san wanda zai dawo da shi gida. Da wuya ka ji mai tambayar abin da zai yi da makonni ukun da zai kwashe a sansani. Alhali a cikin kwanaki 21 ɗin nan ake raba muƙamai, ake ɗaukar sunayen waɗanda za a ba horo na musamman, kuma yaranmu na Kano suna cikin waɗanda suka fi barin rabonsu a wurin. Iyawa kam akwai ta. Abin da ke cin su kunya ce, da tsoron Turanci, da halin nan na "bari in ga yadda za ta kaya tukuna". Kafin ka gama gani an gama rabo.

Nijeriya ba ta da aikin soja na dole irin na Masar ko Koriya ta Kudu ko Finland, inda saurayi zai shiga bariki ya riƙe bindiga, a cikinsu kuma a tace waɗanda za a tura kwas ɗin shugabanci. A Finland wanda aka zaɓa wa wannan kwas kwana 347 zai yi, abokin shigarsa kuwa yana iya yin 165 ya koma gida. Mu tamu dolen ita ce bautar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 da Doka ta 24, bayan Yaƙin Basasa, kuma tana kan duk wanda ya kammala digiri ko HND bai haura shekara 30 ba. Ba za a ba ka bindiga ba. Amma sojoji ne ke riƙe da filin fareti, hafsan soja ne ke shugabantar hukumar tun daga na farko, Kanar Ahmadu Ali, kuma idon da saje yake tace kurata da shi a bariki, da shi zai tace ku a sansani.

Tun kana gida

Wata guda kafin tafiya ka fara motsa jiki bayan sallar asuba. Filin Sukuwa na nan, kewayen filin wasa na Ƙofar Mata na nan, in kuma kana cikin gari ka dinga hawa Dala kana saukowa. Sai dai ba gudu ne ya fi kayar da mutane a sansani ba, tsayuwa ce. Ka koyi tsayawa cak a rana, ba jingina, ba sosa ƙeya, na minti talatin zuwa awa guda. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a faretin farko, asibitin sansani za a kai shi, kuma da wuya saje ya sake kallonsa da wani muƙami.

Takardunka su zama a haɗe a jaka ɗaya: takardar kira, koren kati da ka fitar bayan rajistar intanet, takardar sakamako, katin makaranta, hotunan fasfo da yawa, da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Na asali da kwafi. Mai HND ya haɗa da sakamakon ND ɗinsa, likita da mai haɗa magani su riƙe lasisinsu. In ka taɓa yin agaji, ko sikawut, ko kadet a sakandare, ko Man O' War a jami'a, ka ɗauki katin ko takardar shaidar.

Wannan batu na agaji ina so a tsaya a kansa. Kano cike take da samarin da suka tashi cikin kakin Fityanul Islam, ko agajin Izala, ko na Jama'atu, sun iya maci, sun iya jera sahu, sun tsare taron wa'azi da na Maulidi na dubban mutane ba a yi turmutsitsi ba. Irin wannan yaro zai je Iseyin ko Ede ko Obubra ya laɓe a sahun baya, wai shi baƙo ne, ya bar wanda bai taɓa ɗaga ƙafa ba yana ba da umarni. Abin da soja ke nema ke nan kake ɗauke da shi, ka ɓoye.

Ka sayi fararen riguna, gajerun wanduna farare da farin takalmi daidai ƙafarka tun daga Kwari ko Sabon Gari, don kayan da za a raba ba lallai su zo daidai jikinka ba. Sannan ka haddace taken ƙasa, wanda aka dawo da tsohon a watan Mayun 2024, da alƙawarin ƙasa, da taken hukumar. Shugaban da ke motsa baki kawai lokacin take, kowa na ganinsa.

Ka isa ranar farko, da safe

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne arha kuma ya fi kowanne riba. Hukumar tana hana tafiyar dare, don haka mai zuwa Kudu ya bar Kano da kwana ɗaya ko biyu a hannu, in dare ya yi masa a hanya ya kwana, ya ƙarasa da safe. Wanda aka bar shi a Kano, kamar matan aure da ake tura su inda mazansu suke, sansaninsu na Kusalla ne a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, ta hanyar Gwarzo.

Dalilin sammakon shi ne, galibi a rana ta uku ake rantsarwa, gwamna ko wakilinsa ya zo, alƙalin alƙalan jiha ko wakilinsa ya ba da rantsuwa. Sojoji na da kwana biyu kacal su haɗa waɗanda za su tarbi baƙi da fareti, su riƙe tuta, su buga badujala. Daga cikin wa za su ɗiba? Daga waɗanda suka gama rajista suna zaune. Mai zuwa daren rana ta biyu yana layin karɓar katifa wasu suna atisaye.

Wajen rajista za a ba ka lambar jiha. Adadin ƙarshe na lambar shi ne rukuninka, wato filatun: mai ƙarewa da 3 yana filatun na uku, mai sifili yana na goma. Goma ne duka, kuma kowanne yakan haura mutum ɗari, wani lokaci nesa ba kusa ba. Kana karɓar kaya ka canza zuwa farare, ka nemi teburin filatun ɗinka, ka gaida jami'in da ke wurin, ka tambaye shi ko akwai abin da za ka kama masa. Kullum akwai: jera fayil, kiran suna, raba katin abinci, nuna wa sababbin zuwa hanya. Kafin a yi maganar zaɓe ya riga ya san sunanka da lambarka.

Mutum uku ne ke kallon ka a filatun. Akwai jami'in hukumar, farar hula, wanda fayil ɗinka ke hannunsa kuma shi ke rubuta rahoto a kanka. Akwai sojan da ke koyar da fareti, kofur ko saje. Akwai malamin Man O' War, daga cibiyar horar da shugabanci da aka fara a 1951, wadda makarantarta ta kan dutse ke Shere a Jos. Shi ne mai kai ku hawa igiya da tsallake katanga. A samansu akwai daraktan sansani, da kwamandan sansani wanda hafsan soja ne, da samanja mai tsawa. Kowanne da abin da ke burge shi. Jami'i yana son wanda in an aike shi zai dawo da amsa. Soja yana son murya, tsafta da kiyaye lokaci. Na Man O' War yana duba wanda in ya haye katanga zai juyo ya miƙa wa na baya hannu.

Zaɓen shugaban filatun

Yakan zo ba shiri, cikin kwanaki biyu ko uku na farko, a gindin bishiya ko gefen fili. Jami'i zai ce masu so su fito. A nan ake yin shiru na ɗan lokaci, kowa na kallon kowa. Ka fito cikin wannan shirun. Na farkon fita yakan tafi da rabin ƙuri'un tun bai buɗe baki ba.

Za a ba kowa kamar minti ɗaya. Ka shirya shi tun daga gida, da Turanci mai sauƙi, jimla biyar ko shida: sunanka, inda ka fito, abu ɗaya da ka taɓa jagoranta, abu biyu da za ka yi wa filatun, sai alƙawarin cewa kowace naira za a rubuta ta a karanta a gaban kowa. Kada ka ce za ka burge su da manyan kalmomi. Mutanen da suka kwana a mota suka wuni a layi ba lacca suke so ba. Kuma kada harshenka ya dame ka; Bayarabe da nasa, Inyamuri da nasa, ɗan Kalaba da nasa, babu wanda ya zo daga Landan. In ka iya buroka ka ɗan jefa, tana saukar da gaba. Ka ɗaga murya yadda na ƙarshen sahu zai ji, don da yawa ƙarfin muryar suke zaɓa.

Kuskuren da 'yan Arewa suka fi yi shi ne su fito su uku a kujera ɗaya su raba ƙuri'a, ko kuma ɗaya ya fito yana dogaro da 'yan uwansa kawai. Lissafin ba ya kaiwa. Tun a ɗakin kwana ka yi abota da na gadon sama da na gefe, ko daga ina suke, ka ara musu caja, ka tsare musu layi. Su za su yi maka ihu ranar.

In kujerar shugaba ta kuɓuce, akwai mataimaki, wanda galibi in namiji ne shugaba mace ake ba, akwai sakatare, ma'aji, mai kula da wasanni, mai kula da walwala. A ganina sakatare ya fi yawancinsu amfani, don shi ke zama da jami'i kan takardu kullum. Sannan kowane filatun yana da ranar aikinsa, ranar da zai kula da kicin, shara da tsaro, kuma a ranar akan ɗauki ɗaya daga cikinsa ya zama daraktan sansani na 'yan bautar ƙasa, ya zaga da manya ya kai rahoto. Ka nemi wannan tun kafin ranar ta zo.

Filin fareti

Bigila na tashin mutane tun wajen ƙarfe huɗu da wani abu na asuba. Duhu ne, in lokacin hunturu ne ga sanyi, ga sojoji na dukan ƙofa, mutane na fitowa da takalmi a hannu. Masallaci za ka fara, ka yi alwala tun kafin layin famfo ya yi tsawo, ana sallamewa ka nufi fili ba tare da zaman hira ba. Ka tsaya a sahu na farko ko na biyu. Masu laɓewa a baya suna ganin dabara suka yi, alhali su ake fara kamawa da tsallen kwaɗo, kuma ba a taɓa ɗauko kwamanda daga can.

A kwanakin farko saje zai bi sahu yana kallon ƙafa da hannu. Lef, rai, lef, rai. Wanda hannunsa da ƙafarsa na gefe ɗaya ke tafiya tare, a fitar da shi. Wanda ya daidaita, a matso da shi gaba. Daga nan sai ya ce wa zai iya ba da umarni. Ka fito ko da ba ka gama iyawa ba, koyarwa ce aikinsa. Sirrin umarni shi ne daga ciki yake fitowa, ba daga maƙogwaro ba: ka ja kalmar farko ta yi tsawo don sahu ya shirya, ka ɗan tsaya, sannan ka sare ta ƙarshe gajeriya da ƙarfi. Mai ihu da maƙogwaro kwana biyu muryarsa ta dishe a sauya shi. Ruwan ɗumi, zuma da citta su zama abokanka, ka bar ruwan ƙanƙara na mami, kasuwar cikin sansani, sai an gama.

Muƙaman fili hawa-hawa ne: kwamandan filatun na gasar fareti, masu rakiyar tuta, 'yan kwata-gad masu tarbar manyan baƙi, sai kwamandan fareti na sansani duka, wanda ke riƙe takobi ranar rufewa ya je gaban babban baƙo ya nemi izini. Waɗannan soja ne ke zaɓa, babu ƙuri'a. Kuma suna da tsada: lokacin da wasu ke hutun rana ko suna mami suna cin indomi, kai kana rana kana maimaita juyi ɗaya har sai ya zauna. In saje ya yi maka tsawa ko ya sa ka gwale-gwale a gaban mutane, ka yi, ka dawo sahu fuska a sake. Sau da yawa gwaji ne. Wanda ya kumbura ko ya tsaya gardamar shi fa mai digiri ne, ya cire kansa da kansa.

Jerin sunayen horo

Nan ne ainihin horon shugabancin yake, kuma nan aka fi yin asara saboda barci. Bayan karin kumallo ana tara kowa a babban zaure don laccoci, zafi ga gajiya, rabin zauren na gyangyaɗi. A cikin laccocin nan hukumomi ke zuwa neman waɗanda za su horar: masu wayar da kai kan muradun ci gaba na SDGs, masu koyar da 'yan makaranta kan lafiya da cutar ƙanjamau, ƙungiyar kiyaye haɗurra ta FRSC, ta yaƙi da ƙwaya ta NDLEA, ta yaƙi da rashawa ta EFCC da ICPC, ta agajin gaggawa ta NEMA. Gurabun ƙididdigaggu ne. Za a ce masu sha'awa su rubuta suna, takarda ta cika cikin mintuna. Don haka ka zauna gaba, kusa da hanya, biro a aljihu, lambarka a ka. Waɗanda aka ɗauka akan ware su a yi musu horo na kwanaki a cikin sansanin, wasu har da takardar shaida, kuma yawanci wannan ƙungiya ce za ta zama ta hidimar al'ummarka ta mako-mako har ƙarshen shekara.

Akwai kuma gidan rediyon sansani, OBS, da ke gwada murya da rubutu tun kwanakin farko. Wanda ya karanta aikin jarida a BUK, ko ya taɓa zama a Freedom ko Rediyon Kano ko Arewa24 lokacin koyon aiki, ya je. A sansanonin Arewa mai iya fassara sanarwa zuwa Hausa abin nema ne. Akwai Red Cross, akwai asibitin sansani inda likitoci ke fitar da shugabansu. Shirin koyon sana'a na SAED, da aka fara a 2012, shi ma kowane aji yana da shugabansa.

Ka zaɓi ƙofa ɗaya babba, da ƙarama ɗaya in ka ga za ka iya. Shugaban filatun da ke son ya zama kwamandan fareti kuma ɗan OBS, ƙarshenta ko'ina za a neme shi a rasa.

In ka samu, ga inda ake zamewa

Kuɗi ne na farko. Filatun zai yi karo-karo don gasar girki, raye-rayen gargajiya, wasan ƙwallo da bikin ƙarshe. Kada kuɗin ya shiga asusunka ko aljihunka. Ma'aji ya riƙe, sakatare ya rubuta, a karanta a gaban kowa duk bayan kwana biyu, a nuna wa jami'i. Kada a tilasta wa wanda ba shi da shi. Alawus ɗin naira 77,000 da aka fara biya a 2025 ba ranar shiga yake zuwa ba, wani da kuɗin mota kawai ya iso. Zargin naira dubu biyar ya isa ya ɓata maka suna a wajen mutanen da za ka sake haɗuwa da su shekaru masu zuwa.

Na biyu son kai na yanki. Ranar aikin filatun, in ka tura 'yan Kudu wanke banɗaki ka ajiye 'yan gida a kicin, kafin azahar magana ta kai ga jami'i. Ka rubuta jadawali bisa lamba, kai ma ka ɗauki tsintsiya.

Na uku ibada da shagulgulan dare. Ana yin taron nishaɗi da daddare, da gasar sarauniyar kyau da makamantansu, kuma shugaban filatun ana sa ran ganinsa. Abin da bai dace da addininka ba ka wakilta mai kula da walwala, ka gaya wa jami'i tun da wuri cikin ladabi, kada ka ɓace kawai. Lokutan sallah kuwa ka haɗa kai da shugabannin MCAN, ƙungiyar Musulmi 'yan bautar ƙasa, na sansanin, su suka san yadda ake daidaita su da jadawali. Shiga MCAN alheri ne, kuma ita ma makarantar shugabanci ce, sai dai kada masallaci ya zama maɓoyarka daga fili.

Ke kuma ƙanwata, kujerar mataimakiya kusan taki ce in kin fito, kuma babu dokar da ta hana ki ta shugaba ko takobin fareti. Ana barin gajeren farin hijabi. Maganar tsawon wando ki yi ta da jami'ar filatun tun ranar farko, a fahimci juna, kada ki bari sai soja ya tsayar da ke a fili. Mai ciki da mai shayarwa ba a barin su kwana a sansani, rajista suke yi su koma. Su sai su nemi nasu shugabancin a ƙungiyar mako-mako.

Bayan an fita

A al'ada jami'ai sukan tuna da waɗanda suka yi wa sansani wahala lokacin raba wuraren aiki, shi ya sa za ka ji ana cewa 'yan OBS da 'yan fareti sun fi samun babban birni. Al'ada ce, ba doka ba, kada ka je kana neman ta kamar bashi. Abin da ke hannunka shi ne ka tabbata jami'in filatun ya rubuta muƙaminka a fayil, ka karɓi duk takardar shaida ko ta yabo kafin ka hau mota, ka ajiye lambar wayarsa.

A ƙaramar hukumar da aka tura ka akwai sufeton hukumar, LGI, kuma a ƙarƙashinsa akwai CLO, ɗan bautar ƙasa da ke tsakanin sufeto da sauran 'yan uwansa, sai shugabannin ƙungiyoyin mako-mako. Waɗannan kujeru suna sauya hannu duk lokacin da rukunin da ya riga ku ya gama, don haka watannin farko na kama wa masu barin gado aiki ne: rajistar halarta, ranar tantancewar wata-wata, neman masauki ga sababbi. Mai son lambar yabo ta jiha ko ta Shugaban Ƙasa ya sani ana duba shekarar duka, daga sansani, zuwa wurin aiki, zuwa hidimar al'umma. In za ka yi aikin kanka, kamar gyaran rijiya ko aji, sai ka rubuta ta hannun sufeto an amince tukuna, kuma kuɗin daga al'umma da masu tallafi ake so ya fito, ba daga alawus ɗinka ba.

Wanda kuma faretin ya shiga ransa har yana sha'awar kakin gaske, riƙe takobi a sansani ba ya ba da gurbi a soja. Hanyar masu digiri ita ce gajeren kwas na hafsoshi da rundunonin ƙasa, ruwa da sama ke tallatawa lokaci-lokaci, ana cikewa ta intanet, kuma cikin takardun da za su nema akwai ta kammala bautar ƙasa ko ta yafewa.